Yadda Kumagai Ya Rasa Kujerar da Babu Mai So

Masu ba da wannan labari a gidan wankan jama'a da bakin kantin ƙungiyar manoma sun ɓata shi, kuma lokaci ya yi da za a gyara. Suna cewa gidan Kumagai Shigeo ya ƙone ƙurmus. Gidan yana nan tsaye; labulen kicin ne kaɗai ya tafi, kuma wanda ya san labulen ba zai yi makokinsa ba. Suna kuma cewa abin da ya gasa ya fi kowane abinci rashin daɗi a tarihin garin nan. Wannan shaidar zur ce, domin babu mahalukin da ya kai abin bakinsa, har shi mai gasawar. Na daɗe ina shugabantar makarantar firamare kafin in yi ritaya, ban kuma taɓa barin yaro ya ƙara wa labari gishiri a gabana ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Kumagai. Ga abin da ya faru, bi da bi.

Shugabancin unguwa a wurinmu ba girma ba ne, dako ne. Shugaba ne mai duba wurin zubar da shara, shi ne mai rabon aikin kwashe dusar ƙanƙara, shi ake buga wa waya idan fitilar titi ta mutu, shi ne kuma mai tsayuwa a ƙofa ranar jana'iza. Horiuchi mai shagon taliya ya riƙe kujerar har gashin kansa ya zube, ba don ƙauna ba, sai don duk shekara, ranar gasa nama da ake yin zaɓe, ciwon baya yakan sauka wa mazan unguwa gaba ɗaya, mata kuma su tuna suna da surukai marasa lafiya a wani gari.

Sai ga Kumagai ya yi ritaya daga ofishin ƙungiyar manoma, ya ce shi yana so. Ba so kawai ba, har ya je ya buga katin suna da muƙamin a jiki tun ba a ba shi ba. Da labari ya kai wa Horiuchi, sai da ya zauna a bakin shagonsa ya share hawayen murna. Abin da ya rage wa Kumagai shi ne ya zo taro ranar Lahadi, ya zauna a kan tabarma, ya kama bakinsa, a tafa masa. Ko ɗan aji ɗaya zai iya wannan.

A makon ne matarsa Fumie ta tafi birnin Sapporo zaman jegon 'yarsu. A makon ne kuma asfaragus, wani koren tsiro siriri mai kama da kibiya da ake ci, ya fara fitowa a gonaki kamar ana koro shi daga ƙarƙashin ƙasa. A irin wannan lokaci babu mai sayensa, babu kuma mai iya guje masa. Ka buɗe ƙofa da safe ka tarar da dami a cikin kwano, kowace mace da irin zaren da take ɗaure nata, ba sai ta faɗi sunanta ba. Kwano kuwa ba ya komawa gidansu wayam. Kafin Fumie ta hau jirgi ta gaya wa mijinta ya sayi wainar wake mai zaƙi a kanti, ya sa a kowane kwano ya mayar.

"Wainar kanti!" in ji shi, ya leƙo ta kan katanga ina shanya. "Malama, shugaba guda ya mayar da kwano da wainar kanti? Ni fai zan gasa, irin na Faransa. Ɓawon fulawa da man shanu, a jera asfaragus a ciki, a zuba ƙwai da cuku, a gasa har ya yi ja. Ranar Lahadi unguwar nan za ta san ta samu shugaban da ya ga duniya."

"Ka taɓa gasa wani abu, Kumagai-san?" na ce, ban manta da "san" ɗin girmamawa ba.

"Ai na ci shi a can. A gabana aka fito da shi daga wuta."

"Ni ma a gabana aka yi mini aikin ido, ban buɗe asibiti ba."

"Malama ke nan! Har yanzu kowa ɗan aji uku ne a wurinki."

"A'a. 'Yan aji uku suna tambaya kafin su taɓa wuta."

Game da Faransa, gaskiya ne ya je. Ƙungiyar manoma ce ta kai ma'aikatanta kallon injinan tatsar madara, kuma waɗanda suka je tare da shi sun tabbatar mini yawancin ƙasar ya gan ta ne ta cikin barci, a kujerar bayan mota.

Da cuku ya fara. Ya je wurin masu shanu na bayan tudu ya sayo curi mai laushi, ya dawo ya ce bai nuna ba, wai a Faransa sai cuku ya yi magana ake cinsa. Ya naɗe shi a tawul, ya tura ƙarƙashin teburin ɗumama ƙafa da Fumie ba ta riga ta ɗauke ba tun hunturu, ya kunna, ya sauke bargo. Cukun kuwa bai ba shi kunya ba. Ya yi magana har layin baya ya ji. Horiuchi ya iso da shebur da buhu, ya ɗaure hancinsa da hankici.

"Kumagai-san, ka yi haƙuri da shigowa ba sallama. Ina jin yanyawa ta mutu a ƙarƙashin gidanka."

"Wace yanyawa? Ƙamshin wayewa kake ji."

"To wayewar nan ta kwana biyu da rasuwa."

Kumagai ya ɗaga bargo ya nuna masa. Horiuchi ya ja da baya har ya bugi ƙyaure. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna da ranar Lahadi, ya haɗiye, ya ce, "Lallai kam, yana da ƙarfi."

Kafin ya tsere, Kumagai ya nemi aron sandar murza taliyarsa. Sandar nan ta mahaifin Horiuchi ce, doguwa, miƙaƙƙiya, ba ta taɓa ganin ruwa ko mai ba, da busasshen ƙyalle kawai ake goge ta. Horiuchi ya miƙa ta kamar mai ba da aron haƙoransa.

Ƙullin fai yana son man shanu mai sanyi. Kowace yarinyar da ta yi darasin girki ta san haka. Kumagai ya ce man yana da taurin kai, ya ajiye shi a kan hitar ɗumama ɗaki har ya zama ruwa, sa'an nan ya kwaɓa. Ƙullin ya manne a sanda, ya manne a tebur, ya manne a rigarsa. Ta cikin bango na yi ta jin duka, ga shi yana faɗa da ƙarfi, "Haka ake yi a can!" duk da cewa babu kowa a gidan sai shi. Da ya gama ya wanke sandar tas da ruwan zafi da sabulu, ya ɗora ta a kan hita ta bushe, domin shi mutum ne mai mayar da aro da tsabta. Da yamma Horiuchi ya tsaya a ƙofata yana rungume da sandar, ta lanƙwashe kamar bakan maharbi.

"Malama, dubi."

"Je ka gaya masa."

"Ranar Litinin zan gaya masa," in ji shi. "Ranar Litinin zan gaya masa abubuwa da yawa."

Sai ranar Juma'a Kumagai ya lura babu tanderu a gidansa, kamar yadda babu a gidan kowa a layinmu. Abin da muke da shi ita ce 'yar durowar gasa kifi a ƙarƙashin murhun gas, wadda kifi biyu ke cika ta. Ya ce wuta ai wuta ce, ya danna fai ɗin a ciki, ya tura. Ƙullin ya kumbura ya tokare rufin durowa, ta ƙi fitowa. Cuku ya narke ya gangara kan tsohon man kifi, man ya kama. Ya ja mariƙi da ƙarfi, mariƙin ya biyo shi. Ya sunkuya ya leƙa ya ga abin da ke faruwa, abin da ke faruwa ya fito ya same shi, ya wuce ya hau labule.

Motar kwana-kwana ɗaya ce ta zo, ba uku ba kamar yadda ake faɗa, kuma 'yan sa-kai na unguwa ne a ciki. Wanda ya fara dirowa da hular ƙarfe a kansa shi ne Horiuchi, domin wannan ma aikin shugaba ne. Suka kashe wutar, suka jiƙe kicin har tabarmar ɗakin tsakiya. Kumagai ya fito yana tari yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Ku kwantar da hankalinku! Gwaji ne, gwaji!"

A gaban taron akwai Kaka Tomabechi, wadda ta fi kowa shekaru a unguwar, ta fi kowa gonar asfaragus, kuma ita kaɗai ke kiransa da sunansa na yanka, domin ta san shi tun yana tsirara a bakin rafi. Ta ɗaga kai daga kan sandarta ta ƙare masa kallo.

"Shigeo, ina girarka?"

"Kaka, duk babban mai girki yana da tabo."

"Babban mai girki yana da abinci. Ina naka?"

"Sai ranar Lahadi."

"To ka zo da gugan ruwa."

A bayan mota wani daga cikin 'yan sa-kai ya ce ko za a sake tunani a kan zaɓen nan. Horiuchi ya juya ya ce, "Madalla. Kai za ka karɓa ke nan?" Nan take mutumin ya dafe bayansa ya ce dama tun safe yake jin wani abu yana cizonsa. Aka bar maganar. Wari, sanda, wuta, duk unguwa ta yafe, kuma da zai ƙona ɗakin taro ma ina kyautata zaton da an yafe.

Ranar Asabar Kumagai ya bi gida-gida, da fuskarsa fayau babu gira, yana cewa asfaragus ya ƙare, a taimaka. Mata suka yi mamaki, amma suka ji daɗi, domin babu abin da ke faranta ran manomiya kamar a dawo neman ƙari. Kaka Tomabechi ta shiga gona tun raɓa ba ta bushe ba, ta duƙa da bayan nan nata, ta yanko masa masu kauri, waɗanda take aika wa jikokinta a birni, ta ɗaure da jan zarenta na saƙa.

Abin da babu wanda ya sani a cikinmu shi ne dalilin ƙarewar. Kumagai ya yanke wa kansa hukunci cewa a Faransa kan tsiron kawai ake ci, gwargwadon gaɓar yatsa. Ko kwance damin ba ya yi. Yakan ɗora shi a katako, ya sare kawunan da sara ɗaya, ya jefa sauran cikin ledar shara da zarensa da komai. Ledar shara kuwa a garinmu fara ce tas, ana ganin abin da ke ciki, haka doka ta tanada. Ranar Lahadi da safe ya ga ledar ta cika, ya ɗauke ta ya kai wurin zubar da shara da ke tsallaken filin ɗakin taro. Ba ranar kwasa ba ce. Bai kuma ja ragar da ake rufe shara da ita saboda hankaki ba. Wannan shi ne mutumin da za a damƙa wa wurin nan da azahar.

An shimfiɗa tabarmi a fili, an hura gawayi, an ɗora kaskon gasa naman rago, wanda tsakiyarsa ke da tudu kamar hular soja don mai ya gangara gefe. Kumagai ya iso da farar hula doguwa da ya haɗa da takarda, ya tsaya a gaban murhu mafi girma.

"A kawar da nama. Yau ba ranar abincin makiyaya ba ce."

"Kumagai-san," in ji Horiuchi a hankali, "kaskon nan ai kife yake. Me zai tare ƙwan?"

"Ƙwarewa."

Ya shimfiɗa ƙullin a kan tudun kasko kamar mai sa wa jariri hula, ya manna kawunan asfaragus a jiki, ya ɗauki kwanon ƙwai da cukun nan mai magana ya tuttule a ƙololuwa. Ruwan ya yi abin da ruwa ke yi a kan tudu. Ya gangara, ya cika gefen kasko, ya tsallake, ya faɗa cikin garwashi. Hayaƙin da ya tashi ya sa waɗanda ke gefen iska suka ja tabarmarsu. Kumagai ya yi maza ya kife baho a kai.

"Yanzu sai a jira. A can ma haka ake jira."

Horiuchi ba wawa ba ne. Ya ga cewa muddin bahon yana kife, akwai sauran fata. Ya miƙe ya tafa hannu.

"Jama'a, kafin abinci ya nuna, mu gama da ƙaramin aikin nan. Ɗan takara ɗaya muke da shi, mutumin kirki, mai himma. Wanda ya yarda Kumagai-san ya zama shugaba ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi da sauri irin wanda ban taɓa samu ba a aji. Nawa ma yana sama. Horiuchi ya fara bi yana dubawa, fuskarsa kamar ta fursunan da ya hango ƙofa a buɗe.

A daidai nan wani hankaka ya taso daga tsallaken titi da kaya a baki, kayan suka yi masa nauyi, ya sake su a tsakiyar tabarmar tsofaffi. Dami ne na asfaragus, kore shar, mai kauri, babu kai ko ɗaya, ɗaure da jan zaren saƙa.

Kaka Tomabechi ta sauke hannunta. Ta ɗauki damin ta juya shi. Sai ta dogara sandarta ta nufi titi, mata suka bi ta, mu ma muka bi. Hankaki sun yage ledar, sun baje kayan daga wannan gefen titi zuwa wancan. Babu wanda ya bukaci bayani.

"Shuɗin zaren nan nawa ne."

"Ga igiyar shinkafata can a cikin kwata."

"Wannan na jiya ne, ko yaushi bai yi ba!"

Kumagai ya iso a baya, hular takardarsa ta karkace.

"Shigeo," in ji Kaka, "mene ne wannan?"

"Saura ne, Kaka. Gindin ne. A Faransa ba a ci."

"A Faransa aka shuka shi?"

"Ai kan ya fi daɗi, shi ya sa na girmama kyautarki na ɗauki mafi kyau."

"To da na ba ka saniya, sai ka yanke kunnen ka jefar da sauran a titi."

"Kaka, ba ki gane tsarin ba ne."

"Na gane. Ka zo ƙofata ka ce ya ƙare. Na duƙa. Ka san yadda nake miƙewa in na duƙa? Sai na kama shinge." Ta ɗaga damin sama don kowa ya gani. "Da ka ce ya yi maka yawa, da ka miƙa wa na gaba, haka ake yi. Da ka bar shi ya ruɓe a gidanka a ɓoye ma, da mun ce rashin mace ne. Amma ka sa shi a farar leda, a gaban ɗakin taro, ranar Lahadi, ba raga."

Wannan "ba raga" ita ta gama da mazan. Na ga waɗanda suka jure wari da hayaƙi suna girgiza kai.

Muka koma fili. Horiuchi ya yi ƙoƙari, wannan kam a ba shi. Ya ce ai an riga an ɗaga hannu. Aka ce ba a gama dubawa ba. Ya ce mutum yakan yi kuskure. Ya ce shi da kansa zai riƙa bin Kumagai yana nuna masa ranakun shara. Har ya ce sandar taliya ba komai ba ce, dama ta tsufa, ya faɗi haka hawaye na zubo masa. Ya sake neman hannuwa. Hannu biyu suka tashi, nasa da na Kumagai.

Sai Kumagai ya ce a dakata, abinci zai yi magana a madadinsa, ya je ya ɗaga bahon. A kan kasko akwai wata baƙar hula mai ƙuraje, ta ƙone a sama, tana ɗiga a ƙasa. Garwashin ya mutu. Ya sa wuƙa zai yanka, hular ta taso gaba ɗaya ta mirgina cikin ciyawa. Karen masu shanu ya zo ya sansana, ya yi atishawa, ya koma inda ya fito.

"Ko a Faransa," in ji Kumagai, "ba kullum yake fitowa daidai ba."

"Koma can ka tsaya takara," in ji Kaka.

Horiuchi ya ce shi kam ya sauka, ko za a ɗaure shi. Ciwon baya ya dawo wa maza nan take, har da waɗanda na gani da idona suna ɗaga buhun gawayi da safe. Da aka rasa yadda za a yi, aka zuba tsinkayen cin abinci a gwangwani, aka shafa wa ɗaya jan janbaki a gindi, aka ce kowane gida ya zara, ban da gidan Kumagai. Mutum ɗaya da ke son kujerar a duk faɗin unguwa ya tsaya a gefe da hular takarda a hannu, yana kallon mutane suna zara suna addu'ar kada ta faɗo musu.

Ni na zaro ja.

Ban yi gardama ba. Ban saba guje wa aiki ba, ko da kuwa zalunci ne ya kawo shi. Umarnina na farko shi ne a ba Kumagai tsintsiya da abin kwashe shara. Ya share titin daga farko har ƙarshe, Kaka tana zaune a kan kujera tana nuna masa da sanda inda ya tsallake. Da ya kai ƙofar ɗakin taro ya tsaya ya dube ni.

"Malama, ai shugaba yana bukatar mataimaki. Ni kuma ina da shawarwari. Bikin kaka mai zuwa, akwai wata miyar kabewa da na sha a can..."

"Ka bar tsiro ɗaya a bayan ƙafarka," na ce.

Ina da shekarun da ya kamata a ce ina zaune ina shan shayi ina duba furannina. Maimakon haka ni ake bugawa waya idan mujiya ta shiga rumbun wani. Saboda haka, mai karatu, ka saurara da kyau. Idan wani a unguwarku ya buɗe baki ya ce yana son aikin da kowa ke gudu, kada ku sa rana, kada ku shirya walima. Ku tara mutane a wannan yinin, ku ɗaga hannu, ku tafa masa, tun bai kai ga murhu ba.